Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Gadin Tukunyar Zinariya a Ƙasar Ayalan?

Tambaya: Ƙanwata tana aikin jinya a birnin Dablin na ƙasar Ayalan. Da ta zo hutu bara, ta kawo wa yarana tsarabar wani ɗan mutum-mutumi: gajeren tsoho mai jan gemu, da koriyar kwat da doguwar hula, ya rungume tukunya cike da kuɗin zinariya. Ta ce wai aljanin can ne mai gadin dukiya. Yaran sun ishe ni da tambaya, ni kuwa ban san abin da zan ce musu ba. Shin da gaske mutanen can sun yarda akwai dukiyar da aljanu ke gadi, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce kawai? In sun yarda, daga ina dukiyar ta fito? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai 'yan kasuwa sun yi wa ɗan tsohon nan wanka da kwalliya kafin ya iso hannun yaranki. Sunansa lefrikon. In za a jera masu gadin dukiya a labaran ƙauyukan Ayalan, shi ne autansu, shi ne kuma mai sauƙin kai a cikinsu. Yayyensa ba irin waɗanda za a sassaƙa a ba yara ba ne.

Bari mu fara da shi, tunda shi ne a ɗakinki. A bakin mutanen can, lefrikon baduku ne, takalma yake ɗinka wa sauran mutanen ɓoye. Su ma, kamar mu, ba sa son kiran waɗannan halittu da sunansu, "mutanen kirki" suke ce musu don a zauna lafiya. Ba ya shiga taro. Shi kaɗai yake zama a gindin shinge, kuma ƙarar 'yar gudumarsa ce ke tona masa asiri. Wanda ya yi sa'ar damƙe shi zai iya tilasta masa ya nuna inda tukunyarsa take, amma da sharaɗi guda: kada ya ɗauke ido daga kansa ko da na ƙiftawa ne. Shi kuwa gogan zai ce ga shanu can sun faɗa maka gona, ko ga ƙudan zumarka sun tashi, ko ya miƙo garin taba kamar abin arziki ya hura wa mutum a fuska. Ana waiwayawa, sai a ga hannu wayam.

Akwai wani labarinsa da yaranki za su so. Wani saurayi ɗan manomi ya kama lefrikon, ya ƙi sakin ido duk da dabarun da ya yi masa, har ɗan tsohon ya gaji ya kai shi wata makekiyar gona mai eka arba'in, cike da wata ciyawa mai rawayan fure. Ya nuna masa gindin guda ɗaya, ya ce tukunyar tana nan ƙasa. To saurayi bai zo da abin haƙa ba. Sai ya kwance jan ƙyallen da ya ɗaure safarsa, ya ɗaura a jikin ciyawar don shaida, ya sa lefrikon ya yi rantsuwa ba zai cire ba, sannan ya sake shi ya ruga gida ɗauko shebur. Da ya dawo, ƙyallensa yana nan, ba a taɓa shi ba. Amma kowace ciyawa a gonar nan, daga wannan gefe zuwa wancan, an ɗaura mata jan ƙyalle irinsa sak. Ɗan tsohon bai karya rantsuwa ba, saurayi kuma bai ga ko sisi ba. Wani mutumin birnin Cork, Thomas Crofton Croker, ya buga wannan labari a 1825 cikin tatsuniyoyin da ya tara a kudancin ƙasar, kuma shekara guda bayan nan wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa na gidan Grimm suka fassara littafin zuwa Jamusanci.

Asalinsa ya girmi haka da nisa. A wani rubutu na wajen ƙarni na 8, wani sarkin yankin Ulster mai suna Fergus yana barci a bakin teku, sai wasu ƙananan halittu suka ɗauke shi za su shige ruwa da shi. Sanyin ruwan ya farkar da shi, ya cafke uku daga cikinsu, suka fanshi kansu da biya masa buƙata. Abin da ya roƙa shi ne ikon tafiya a ƙarƙashin ruwa. Babu maganar zinariya a ciki ko kaɗan. Koriyar kwat ɗin ma sabuwa ce: marubutan ƙarni na 19 da dama jar kwat suka ce yana sawa. Koren ya zo ne da ya zama tambarin ƙasar, musamman a hannun 'yan Ayalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, sannan katunan gaisuwa da finafinai, irin wanda kamfanin Disney ya yi a 1959, suka ƙarasa aikin. Su ne kuma suka yayata cewa tukunyar tana ƙarshen bakan gizo, wurin da ba wanda ya taɓa isa.

Yanzu ga asalin maganar. Abin da ya sa muka san abin da talakan Ayalan ke faɗa a bakin murhu, wani aiki ne da ni dai nake jin kishinsa duk lokacin da na tuna. A 1935 gwamnatinsu ta kafa hukumar tattara adabin baka. Daga 1937 zuwa farkon 1939 hukumar ta haɗa kai da makarantun firamare wajen 5,000, aka tura yara sama da 50,000 su je su tambayi iyaye da kakanni da tsofaffin unguwa, su rubuto abin da suka ji. An ba malamai jerin batutuwa, kuma "ɓoyayyar dukiya" tana ciki. An tara shafi wajen 740,000, da rubutun hannun yara, suna nan ajiye a jami'a a Dablin. Wanda ya bi waɗannan shafuka zai ga da wuya a sami ƙauyen da ba shi da tasa tukunyar: a gindin wata bishiyar ƙaya da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, ko ƙarƙashin kangon wata tsohuwar fada, ko cikin rijiya, ko a ƙasan tafki. Kowa ya san wurin. Ba wanda ya ɗauko.

In aka tattara labaran wuri guda, ga yadda daren haƙan yake kasancewa. Mutum zai yi mafarkin wurin dare uku a jere, don mafarki ɗaya ko biyu ba a kafa hujja da shi. Sai ya nemi abokai biyu masu riƙon asiri. Su fita da tsakar dare da shebur da kyandir, da kwalbar ruwan da limamin coci ya yi wa addu'a, wanda za su zagaye ramin da shi, da wuƙa mai baƙar ƙota, don a wurinsu ita ce makamin da mutanen ɓoye ke shakka. Sau da yawa akwai kwalba ta biyu, ta barasa, don ƙarin ƙarfin zuciya, kuma ina zargin ita ce uwar wasu daga cikin abubuwan da aka gani. Daga sara na farko ba magana, ba tari, ba waiwaye. Su yi ta haƙa har bakin shebur ya daki wani faffaɗan dutse, ya yi ƙara irin ta abin da ke da rami a ƙarƙashinsa. A nan ne komai ke lalacewa. Ko dai ɗayansu ya kasa riƙe bakinsa ya ce "ga ta nan!", ko iska ta taso ta kashe kyandir, ko su ji ruri daga cikin duhu, sai ga bijimi ya nufo su yana fitar da wuta ta hanci. A wasu labaran kuma hango gidajensu suke yi suna ci da wuta, su zubar da kayan aiki su sheƙa, su tarar kowa na barcinsa lafiya. Gari na wayewa su koma, su iske ramin ya cike, ciyawa ta rufe shi kamar ba a taɓa sara a wurin ba.

Bijimi ya fi yawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai baƙin kare mai idanu kamar garwashi, da muzurun da ya kai ɗan maraƙi, da zakara, har da talotalo, da mahayin doki marar kai, da soja da takobinsa, da mace mai fararen kaya. Dukiyar da ke cikin ruwa kuwa, wani ƙaton kifi mai siffar maciji ne ke nannaɗe da ita. Wannan ya ba ni sha'awa, don a tatsuniyoyin sauran ƙasashen Turai maciji ne ko dodo ke kwanciya a kan zinariya, amma tsibirin Ayalan ba shi da maciji ko ɗaya a dawa. Su suna cewa waliyyinsu Patirik ne ya kore su zuwa teku, masana kuwa suka ce tun da ƙanƙarar zamanin da ta narke macizai ba su sami hanyar ƙetarowa ba. Ko ma dai yaya ne, da aka rasa maciji sai aka ba kifi aikinsa.

Abin da ya fi sanyaya jiki shi ne yadda aka ce ana naɗa mai gadin. Masu binne dukiyar, in sun gama zuba ta a rami, sai shugabansu ya tambaya: wa zai tsaya ya kula da ita? Wani bawan Allah da bai san dawan garin ba ya ce shi zai tsaya. Nan take a kashe shi, a kwantar da gawarsa a kan tukunyar, a mayar da ƙasa. Kurwarsa ce ke fitowa a siffar bijimi ko kare, don ya riga ya yi alkawari, kuma ba a sallame shi ba. Daga nan ne wata magana ta samo asali, wadda ake maimaitawa a labaran nan har ba iyaka: ba za a ɗauki dukiyar ba sai an rasa rai. Kin ga ke nan in mutum uku suka tsaya a bakin rami, kowa yana duban ɗan'uwansa yana lissafi. Wasu masu wayo sukan tafi da zakara ko kare, wai tunda ba a ce ran ɗan Adam ba. Kuma ko an yi nasarar kai tukunyar gida, ba a gama ba, don akwai labaran da aka buɗe ta da safe aka tarar da busassun ganyaye ko ƙwanson katantanwa.

Kin tambayi inda dukiyar ta fito. In kika tambayi tsohon ƙauye a 1937, amsarsa ta farko ita ce 'yan Denmak. Haka suke kiran mayaƙan ruwan nan na arewacin Turai, 'yan Baikin, waɗanda suka fara kai wa tsibirin hari a 795, suka kafa sansani a Dablin a 841. Wai da aka ci su da yaƙi a Clontarf a 1014, sun binne abin da suka wawashe da niyyar dawowa, har ana cewa jikokinsu a can ƙasarsu suna riƙe da taswirar gonakin Ayalan. Amsa ta biyu ita ce sufayen coci, waɗanda suka jefa ƙararrawa da kofunan ibada cikin tafki don kada sojojin Ingila ƙarƙashin Cromwell, da suka sauka a 1649, su kwashe. Ta uku 'yan fashin kan hanya ne irin su Redmond O'Hanlon, wanda aka kashe a 1681 bai faɗa wa kowa inda ya ɓoye abin da ya tara ba, in ji masu labari.

Tarihi ya yarda da wani ɓangare, ya murɗe wani. Gaskiya ne 'yan Baikin sun bar azurfa a ƙasa, har an tono dirhamomin ƙasashen Musulmi masu rubutun Larabci a yankin tafkin Ennell da ke tsakiyar ƙasar, waɗanda fatauci ya ɗauko daga gabas mai nisa. Amma su ma mahaƙa ne: littattafan tarihin sufaye sun rubuta cewa a 863 sun kutsa cikin tsofaffin kaburburan kwarin kogin Boyne suna bincike. Mafi yawan zinariyar da ke fitowa daga ƙasar Ayalan kuwa ta girme su da shekara fiye da dubu, tun zamanin da ake ƙera makamai da tagulla.

Akwai labari guda da ya fita daban, don a cikinsa ana samu, kuma ina jin kin taɓa jin sa. Wani talaka ya yi mafarki sau uku cewa arzikinsa yana kan wata gada a birnin Limerick, a wasu bakunan kuma gadar Landan. Ya yi tattaki ya je, ya yi ta safa da marwa a kan gada kwana da kwanaki, ba abin da ya gani. Wani mai shago da ya gaji da ganinsa ya tambaye shi, da ya ji dalili ya fashe da dariya, ya ce ai shi ma ya sha yin mafarkin tukunya a gindin wata bishiya a bayan gidan wani mutum a ƙauye kaza, amma shi ba wawa ba ne da zai bi mafarki. Gidan da ya kwatanta kuwa na talakan nan ne. Ya koma gida ya haƙa ya samu. 'Yan Ayalan sun ƙara masa wutsiya mai daɗi: tukunyar tana da wani rubutu da ba mai iya karantawa a gidan, aka ajiye ta a gefen murhu shekara da shekaru, har wani almajiri matafiyi ya kwana a gidan, ya duba ya ce ai an rubuta cewa ɗaya gefen bishiyar ya fi wannan albarka. Mai gida bai ce uffan ba sai da baƙo ya tafi. Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya zai tuna mutumin Bagadaza da aka ce masa a mafarki ya tafi Masar. Labarin ɗaya ne, ya yi tafiya ya sauya riga.

To me ya sa mutane masu hankalinsu suka riƙe irin wannan magana tsawon zamani? A ganina dalili na farko shi ne ruwa ba ya tsami banza: zinariyar tana nan da gaske. Ƙasar cike take da kufai. Akwai wasu zagayayyun filaye masu 'yar ganuwar ƙasa, sama da 40,000, warwatse cikin gonaki. Masu binciken tarihi sun tabbatar gidajen manoma ne da garken shanunsu, akasari daga ƙarni na 6 zuwa na 10, amma a wurin mutanen ƙauye gidajen mutanen ɓoye ne, ba a nome su, ba a sare ko reshe a cikinsu. Kuma a cikin irin wannan kufai ne, kusa da ƙauyen Ardagh a yankin Limerick, wasu samari biyu suna tonon dankalin Turawa a 1868 suka ci karo da wani faffaɗan dutse, irin dai na cikin labari. A ƙarƙashinsa akwai kofin ibada na azurfa mai hannu biyu, aikin ƙarni na 8, an yi masa ado da zaren zinariya mai sirantaka kamar gashi da duwatsun gilashi masu launi, an zana sunayen manzannin Almasihu a kewayensa. Tare da shi akwai ƙaramin kofi na tagulla da manyan maƙalan riga guda huɗu. Yau yana cikin abubuwan da ƙasar ta fi alfahari da su, har kofin gasar ƙwallonsu ta gargajiya a siffarsa aka ƙera shi. Bijimi bai fito ba ranar.

Shekara goma sha huɗu kafin nan, a 1854, leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakanin Limerick da Ennis sun buɗe wani ɗan rami a Mooghaun suka tarar da awarwaro da abin wuya na zinariya fiye da ɗari. Suka cika aljihu da huluna, suka sayar wa 'yan kasuwa da araha, maƙera suka narkar da mafi yawa. Waɗanda suka tsira ba su kai talatin ba. Ki lura da abu guda a nan: mai tonon dankali ya samu, lebura ya samu, mai huɗa ya samu, amma mai mafarki da kyandir da wuƙa bai taɓa samu ba. Zafin nema ba ya kawo samu. To shi wanda ya kwana yana haƙa ya dawo hannu rabbana, ga maƙwabta suna jiran labari, me zai ce? Ya ce mafarkinsa ƙarya ne? Gara ya ce ya taɓa murfin da hannunsa, bijimi ne ya hana.

Dalili na biyu talauci ne. Kakannin yaran da suka rubuta labaran nan an haife su ne a inuwar babbar yunwar 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan ɗaya zuwa ƙetare. Manomi ba shi da gonar kansa, haya yake biya wa mai ƙasa, wanda sau da yawa yana zaune a Ingila. In ya gyara gida ko ya sayi sabuwar kwat, ana iya ƙara masa kuɗin haya. A irin wannan zama, ba wata hanya da mutum ke gani ta fita daga talauci ta hanyar gumi, saboda haka in wani gida ya tashi farat ɗaya, sai a ce tukunya suka tono. Mu ma mun san irin wannan bayani in maƙwabci ya yi kuɗin da ba a ga hanyarsa ba. Shirun da ake cewa a yi a bakin rami ma yana da tushe a zahiri, don a dokar Ingila da ke aiki a ƙasar a wancan zamani zinariya da azurfar da aka ɓoye aka rasa mai su na Sarki ne. Wanda ya yi surutu, ya yi wa wani aiki.

Wannan doka ta haifar da wata shari'a da ta fi tatsuniya ban mamaki. A 1896 wasu masu huɗa biyu a Broighter, can arewa kusa da gaɓar teku, suka tono kayan zinariya, ciki har da wani ɗan jirgin ruwa da tsawonsa bai kai taƙi guda ba, amma da kujerun matuƙa da 'yan sandunan tuƙi da sandar tanti, komai na zinariya. Kayan suka bi hannu zuwa hannu har gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya saye su a kan fam 600. Masanan Dablin suka ce a dawo da su. Gidan tarihin ya kafa hujja da cewa ba ɓoye su aka yi ba, hadaya ce aka jefa wa abin bautar teku na mutanen da, saboda haka mai su ya sallama su, dokar Sarki ba ta hau kansu ba. A 1903 alƙali ya ƙi wannan hujja, ya ce ɓoyayyar dukiya ce, aka mayar da kayan Dablin. Wato sai da kotu ta zauna ta duba ko wani abin ɓoye yana da haƙƙi a kan zinariya.

Ni dai, in za a tambaye ni, ina ganin bijimin nan ya yi wa ƙasar aikin da ɗan sanda bai yi ba. Tsoronsa ne ya hana a baje dubban kufai har suka kai zamanin da aka san darajarsu, kuma da manyan motocin noma suka zo tsoro ya ragu, da yawa sun tafi. Waɗanda suka yi ɓarna mai suna ma ba jahilan ƙauye ba ne. Tsakanin 1899 da 1902 wata ƙungiya da ta yi imani cewa Turawan Birtaniya zuriyar Bani Isra'ila ne ta yi ta tona tudun Tara, mazaunin sarakunan Ayalan na da, wai Akwatin Alkawari na zamanin Annabi Musa yana binne a can. Ba su same shi ba, sun dai lalata wani sashe na wurin, har mawaƙi Yeats da wasu 'yan kishin ƙasa suka fito suka yi tir. Ragowar tsoron kuwa bai mutu duka ba. A 1999, da ana gina babbar hanya a Latoon ta yankin Clare, wani mai ba da labaran gargajiya, Eddie Lenihan, ya yi kashedi a kan wata bishiyar ƙaya da ya ce matattarar mutanen ɓoye ce, aka kuwa bar ta a tsaye a gefen titi. In kika tambayi ɗan Ayalan na yau ko ya yarda, zai yi dariya ya ce a'a. Ki miƙa masa gatari ki ce ya sare bishiyar, sai ya tuna yana da uzuri.

Yau mai gadin ya sauya. A watan Fabrairun 1980 wani mutum da ɗansa suka je kangon wani gidan sufaye a Derrynaflan, a yankin Tipperary, da na'urar gano ƙarfe, suka tono wani kofin ibadar da faranti na azurfa. Aka yi ta shari'a, wata kotu ta ce nasu ne, aka ƙiyasta kayan sama da fam miliyan biyar, amma a 1987 Kotun Ƙoli ta ce na ƙasa ne, aka ba su ladan fam 50,000. A shekarar aka yi dokar da ta hana neman kayan tarihi da irin wannan na'ura ba tare da lasisi ba, a 1994 kuma aka tabbatar duk wani kayan tarihi da ba a san mai shi ba mallakar gwamnati ne. Dokar ta ba wanda ya tsinta kwana huɗu ya kai rahoto. Ana kuma ci gaba da tsinta: a 2013 magina da ke gyaran wata tsohuwar mashaya a garin Carrick-on-Suir sun tarar da tsabar zinariya 81 a ƙarƙashin daɓe.

Saboda haka, Malama, ki gaya wa yaran cewa ɗan tsohon nasu tatsuniya ne, kamar Gizo, kuma wayonsu ma ya zo ɗaya, amma zinariyar gaskiya ce. In ƙanwarki ta koma, ki ce ta ware rana guda ta je gidan tarihin ƙasa da ke titin Kildare a Dablin. Kofin Ardagh da ɗan jirgin Broighter duk suna can, shiga kuma kyauta ne. Ta ɗauko musu hoton jirgin, su ƙirga sandunan tuƙin da kansu.